CUTAR ƘANJAMAU DA MUTANEN DA SUKA FI FUSKANTAR HAƊARINTA: RIGAKAFI, GWAJI DA MAGANI



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu sauraro su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan cuta, alhali kuwa ga likitoci nan zaune. Dalilina shi ne, game da cutar ƙanjamau, masana kimiyya sun riga sun ci babban rabo daga cikin aikinsu. Sun gano ƙwayar cutar, sun ƙirƙiro hanyar gwada ta cikin 'yan mintoci, sun kuma samar da maganin da ke danne ta har mutum ya tsufa cikin iyalinsa. Abin da ya rage tsakanin wannan magani da mai bukatarsa galibi magana ce: sunan da muke kiran cutar da shi, da irin kallon da muke yi wa mai ita, da kunyar da ke hana mutum ya tako asibiti. Waɗannan kuwa suna cikin fagen mai nazarin harshe da al'ada.

Zan fara da sunan cutar da yadda take aiki a jiki. Daga nan zan kawo taƙaitaccen tarihinta a Nijeriya, sa'an nan in bayyana waɗanda ake nufi da mutanen da suka fi fuskantar haɗari, da abin da ya sa maganarsu ta shafi gari irin Wudil. Bayan haka sai mu duba rigakafi da gwaji da magani ɗaya bayan ɗaya, mu rufe da matsalolin da ke gabanmu.

Suna da ma'anarsa

Kalmar ƙanjamau daga ƙanjamewa ta fito, watau ramewa har ƙashi ya bayyana. Bahaushe ya raɗa wannan suna ne bisa abin da idonsa ya gani a shekarun farko, lokacin da ba a gane mai cutar sai ta ci jikinsa. A wancan zamani har an yi mata laƙabi da "kabari kusa" da "kabari salamu alaikum", a Nijar kuma ana kiranta sida, sunan da aka aro daga Faransanci.

To amma abubuwa biyu ne muke haɗawa cikin suna ɗaya. Akwai ƙwayar cutar kanta, wadda likitoci ke kira HIV, akwai kuma halin da mutum ke shiga idan ƙwayar ta daɗe tana ɓarna ba tare da magani ba, wanda suke kira AIDS. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar shekara 8 ko 10 yana noma, yana tuƙi, yana zuwa ofis, jikinsa ɓul-ɓul, babu mai cewa ga abin da ke damunsa. Saboda haka ne a shekarar 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, ya ba da shawarar a riƙa kiran ƙwayar "karya-garkuwa", a bar "ƙanjamau" ga matakin ƙarshe.

Wannan bambanci ba wasa da kalmomi ba ne. Idan suna ya koya wa jama'a cewa mai cutar ramamme ne, sai mai ƙiba ya ɗauka ya tsira, mai neman aure kuma ya riƙa gwada budurwarsa da ido. Idan suna ya koya musu cewa kabari ne, sai kowa ya ce gara ya mutu bai sani ba. Ashe ke nan suna kaɗai yana iya hana mutum gwaji.

Yadda ƙwayar take aiki

A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu fararen ƙwayoyi da ke tsaron jiki, kamar yadda dogarai ke tsaron fada. Daga cikinsu akwai waɗanda ake kira CD4, su ne masu ba sauran umurni. Ƙwayar karya-garkuwa waɗannan take nema, ta shiga cikinsu, ta mai da su wurin hayayyafarta, daga bisani su mutu. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 da 1,500 a cikin ɗan mitsitsin ma'aunin jini da likitoci ke amfani da shi. Idan suka sauko ƙasa da 200, garkuwa ta karye, sai cututtukan da a da jiki ke korewa su sami ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar mai kisa a cikin waɗannan cututtuka ita ce tarin fuka.

Hanyoyin kamuwa uku ne. Ta farko ita ce saduwa tsakanin mai ɗauke da ƙwayar da wanda ba shi da ita, kuma ita ce ta fi yawa a ƙasarmu. Ta biyu ita ce jini, ko ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko ta allura da aska da reza da aka yi wa wani amfani da su. Ta uku ita ce daga uwa zuwa ɗa, a lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko buta, ko tabarmar salla, ko cizon sauro.

Taƙaitaccen tarihi

A watan Yuni na shekarar 1981 ne likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton wata baƙuwar rashin lafiya a jikin wasu samari a birnin Los Anjalis. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur da ke Faris suka ware ƙwayar da ke haddasa ta. Nijeriya ta ba da rahoton masu cutar na farko a 1986. Shekaru da dama bayan haka mutanenmu suna cewa ciwon Turawa ne, ko na mutanen Kudu, sun manta da cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Gwajin da aka riƙa yi wa mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya hau har kashi 5.8 a 2001. A daidai wannan lokaci ne gwamnati ta farka. A 2000 aka kafa kwamitin yaƙi da cutar na ƙasa, wanda ya zama hukumar NACA a 2007. A 2002 aka fara shirin ba da magani a wasu asibitocin tarayya, a 2006 aka mai da shi kyauta. Daga waje kuma aka sami Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, da shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka a 2003.

A 2018 aka gudanar da babban bincike gida-gida a duk faɗin ƙasar, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019. Ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, jimillar masu ita kuwa, manya da yara, kimanin mutum miliyan 1.9. Mata sun ninka maza, domin su kashi 1.9 ne, maza 0.9. Shiyyar Arewa maso Yamma, inda Kano take, ita ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6, alhali Jihar Akwa Ibom ta haura kashi 5.

Wannan labari ne mai daɗi, amma yana da tarko. Na farko, jiha mai yawan jama'a irin Kano, ko da kashi ƙanƙane ne, idan aka lissafa shi sai a sami dubun dubatan mutane. Na biyu, matsakaicin lissafi yana ɓoye inda wutar take ci. Idan aka ce zurfin kogin Wudil a matsakaici iya gwiwa ne, wannan bai hana a sami gurbin da zai haɗiye mutum ba.

Su wane ne suka fi fuskantar haɗari

Masu aikin lafiya sun ware wasu rukunonin jama'a da cutar ta fi yi wa yawa. Akwai mata masu zaman kansu da mazan da ke zuwa wurinsu. Akwai maza masu neman maza. Akwai masu tsira wa kansu allurar ƙwaya. Akwai fursunoni. Bayan waɗannan akwai waɗanda sana'arsu ke raba su da gida na tsawon lokaci, kamar direbobin manyan motoci da yaransu, da fatake, da sojoji da 'yan sanda. Binciken farko da aka yi na musamman a kan irin waɗannan rukunoni, a 2007, ya haɗa da Jihar Kano. Wanda aka yi a 2020 ya nuna kimanin kashi 15 cikin 100 a tsakanin mata masu zaman kansu, kimanin 25 a tsakanin maza masu neman maza, da kimanin 11 a tsakanin masu allurar ƙwaya. Ku gwada waɗannan da kashi 1.4 na sauran jama'a, za ku ga tazarar.

Ya kamata in tsaya a nan in share wata shubuha. Ambaton waɗannan mutane ba yarda da aikinsu ba ne, kamar yadda likitan da ya ɗinke ɓarawon da aka sara bai zama abokin satarsa ba. Addini da doka suna da hukuncinsu. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, gwamnatin tarayya kuma ta sa hannu a dokar hana auren jinsi a watan Janairu na 2014. Amma tambayar mai kula da lafiyar jama'a daban ce. Shi abin da yake tambaya shi ne, ina cutar take, kuma ta wace hanya take bi ta shiga gidaje?

Amsar kuwa ita ce, waɗannan mutane ba a wani tsibiri suke zaune ba. Mai zuwa gidan mata da dare, da safe maigida ne mai mata biyu ko uku. Da yawa daga cikin maza masu neman maza suna da aure da 'ya'ya. Macen da take zaman kanta bana, mai yiwuwa bara a ɗakin miji take, baɗi kuma ta sake yin aure, domin a ƙasar Hausa zaman kai sau da yawa zango ne tsakanin aure da aure, wanda sakin wulaƙanci ko auren dole ko talauci ke jefa mace a ciki. Idan aka haɗa wannan da yawan saki da sake aure, sai a ga yadda ƙwaya ɗaya za ta ratsa gida uku ko huɗu cikin 'yan shekaru, ta kama matar da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba, da jaririn da ke bayanta. Wanda ya kare mai haɗari, matar kulle ya kare.

Matsayin Wudil

Ban kawo sunan Wudil don cutar ta fi yawa a nan ba. Na kawo shi ne don gari ne na mahaɗa. Babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri ta gadar Wudil ta bi, haka nan mai zuwa Bauchi. Kasuwar shanu ta Wudil, mai ci ranar Juma'a, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, kuma daga nan ake lodin shanu zuwa Kudu, inda direba da yaran mota da masu rakiya ke yin kwanaki a hanya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, dukkansu cike da samari da 'yan mata da suka baro gaban iyayensu daga kowace kusurwa.

Duk inda kuɗi da baƙunci da ƙuruciya suka haɗu, haɗari yana nan. Amma wannan mahaɗa ita ce kuma damarmu. Mutumin da ba za a same shi a gida ba, ana samunsa a kara ranar kasuwa, ko a tasha, ko a ɗakin lacca. Shugabannin direbobi da sarkin tasha da dillalan shanu da magajiyar mata, kowannensu yana da mutanen da ke jin maganarsa fiye da yadda za su ji ta baƙon ma'aikaci.

Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tushen rigakafi, wanda addini da al'ada da likitanci suka haɗu a kansa, shi ne kame kai kafin aure da riƙon amana bayan aure. Akwai kuma wata garkuwa da muka gada, watau kaciyar maza. Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna tana rage haɗarin kamuwar namiji daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100. Ragewa ce, ba hanawa ba.

Amma shirin lafiya ba ya tsayawa a kan waɗanda suka ji wa'azi, dole ya tanadi wani abu domin waɗanda ba su ji ba tukuna. Na farko shi ne kwaroron roba, wanda ke tare wannan ƙwaya da sauran cututtukan sanyi irin su tunjere. Na biyu shi ne maganin sha kafin haɗari, watau ƙwayar da wanda ba shi da cutar ke sha kullum don kada ya kamu. An amince da shi a Amurka a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a ba duk mai fuskantar babban haɗari a 2015. Yana da amfani ƙwarai ga matar da mijinta ke ɗauke da ƙwayar. A 2025 aka amince da wata allura mai suna lenacapavir, wadda ake yi sau biyu kacal a shekara domin wannan manufa. Na uku shi ne maganin bayan haɗari, domin wadda aka yi wa fyaɗe, ko ma'aikacin asibitin da allura ta soke shi. Sharaɗinsa shi ne a fara kafin awa 72 ta cika, a sha kwana 28. Iyalin da suka ɓoye fyaɗe har mako guda don gudun abin kunya, sun rufe wa 'yarsu wannan ƙofa.

Game da jini, binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, kimanin 80,000 daga cikinsu ta hanyar allura. Sirinji ɗaya yakan zagaya mutane da dama a zama guda. Shi ya sa ƙasashe da dama ke ba irin waɗannan mutane sabuwar allura tare da ƙoƙarin raba su da ƙwayar, Nijeriya ma ta fara gwada wannan dabara a wasu jihohi. Haka kuma wanzamai da ungozomomi da masu yankan farce suna da rawar takawa. Aski da ƙaho da kaciya da cire beli da tsaga duk aikin jini ne. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane mutum da sabuwar rezarsa, ƙarfen da ba a yarwa kuwa a wanke shi, a tafasa shi sosai.

Sai kariyar jarirai. Idan ba a yi kome ba, daga 15 zuwa 45 cikin jarirai 100 na uwaye masu ƙwayar za su kamu. Idan uwa ta sha magani tun tana da ciki har ta yaye, adadin yana sauka ƙasa da 5. Matsalarmu a nan ita ce mata da yawa a karkara ba su zuwa awo, a gida kuma suke haihuwa. Maigidan da ya hana matarsa awo, ya sani cewa ɗansa ya hana wa kariya.

Gwaji

Gwaji shi ne ƙofar kome. Ɗigon jini ake ɗauka a yatsa, kafin minti 20 sakamako ya fito. Idan ya nuna akwai, sai an sake da wani nau'in abin gwaji kafin a tabbatar. Akwai kuma na gwada kai a gida, wanda ake gogawa a dasashi, amma shi ma sai an tabbatar a asibiti. Wani abin lura shi ne, gwajin da aka fi amfani da shi ba ƙwayar yake gani ba, martanin jiki yake gani, martanin kuwa yakan ɗauki makonni, wani lokaci har wata 3, kafin ya bayyana. Wanda ya shiga haɗari a makon jiya, aka ce masa babu yau, lalle ne ya koma.

Kano ta yi nisa wajen gwaji kafin aure. Tun auren zawarawa da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara a 2012 ta hannun Hukumar Hisba, aka sa gwaji ya zama sharaɗi. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure gwajin wannan ƙwaya da ciwon hanta da kuma rukunin jini na sikila. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai yana da iyaka. Mai neman aure kaɗai yake kamawa, sau ɗaya kuma, alhali haɗari bai ƙare ranar ɗaurin aure ba. Har ila yau, idan takardar sakamako ta riƙa yawo daga hannun waliyyi zuwa hannun 'yan unguwa, mutane za su koma neman ta jabu.

Su kuwa masu fuskantar babban haɗari, da wuya su zo su bi layi a asibitin da maƙwabcinsu ke aiki. Don haka aka ɓullo da cibiyoyi na musamman inda mutum zai sami gwaji da magani da shawara a wuri ɗaya, da gwajin dare a tashoshin mota, da horar da wasu daga cikinsu su riƙa jawo 'yan'uwansu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, direba kuma ya fi sakin jiki da direba.

Magani

Maganin farko, AZT, ya fito a 1987, amma sai a 1996 aka gano cewa haɗa magunguna uku shi ke danne ƙwayar sosai. A da majinyaci yakan sha ƙwayoyi cike da tafin hannu. Yanzu galibi ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da magani uku. A da sai garkuwa ta yi ƙasa ake farawa, amma tun 2016 ƙa'idar Nijeriya ita ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani nan take. A Kano ana samunsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Zana, da manyan asibitoci da dama a ƙananan hukumomi.

Abu uku ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, maganin dannewa yake yi, ba ya kashewa, saboda haka shansa har iyakar rai ne. Wanda ya ji sauƙi ya daina, ƙwayar za ta dawo, mai yiwuwa kuma ta daina jin wannan magani. Na biyu, duk mai cewa yana warkar da ita, ko da saiwa ko da rubutu, a guje shi. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi wannan iƙirari, aka sa majinyata suka ajiye maganinsu, wasunsu suka rasa rayukansu. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su. Na uku, kuma shi ne babban albishir, wani bincike da aka bayyana a 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da cewa wanda maganinsa ya danne ƙwayar har na'ura ba ta ganinta a jini, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Watau magani kansa rigakafi ne. Mai ƙwayar yana iya aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Matsalolin da ke gabanmu

Ta farko ita ce tsangwama. Akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wa masu ƙwayar bambanci a wurin aiki da makaranta da asibiti, amma doka ba ta hana raɗa da zumɓura baki. Shi ya sa mutum ke barin asibitin garinsu ya tafi wata jiha karɓar magani, ranar da kuɗin mota ya yanke, magani ya yanke. Shi ya sa mace ke ɓoye kwalbarta a ƙarƙashin gado don tsoron saki.

Ta biyu ita ce tsoron kamu. Wanda yake ganin zuwansa asibiti zai kai shi hannun hukuma, ba zai zo ba, ƙwayar kuwa tana nan tana tafiya. Wajibi ne a raba ɗakin likita da ɗakin tuhuma.

Ta uku ita ce rashin yarda, kuma yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar har zuwa 2004 saboda jita-jita. Darasin da aka koya shi ne, jama'a ba su dawo ba sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba.

Ta huɗu ita ce kuɗi. Shekara 20 ana ɗauke mana mafi yawan nauyin magani daga waje. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, da ta sassauta kuma sai ta bar maganin masu cutar, amma ta taƙaita maganin sha kafin haɗari ga masu ciki da masu shayarwa. Shirye-shiryen masu fuskantar babban haɗari su ne suka fi jin jiki. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, dogaro da tukunyar maƙwabci kuma ba ya hana kwana da yunwa. Dole gwamnatocinmu su sa wannan aiki cikin kasafin kuɗinsu.

Kammalawa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni mai hawa uku: kashi 95 cikin 100 na masu ƙwayar su san suna da ita, kashi 95 na waɗanda suka sani su kasance a kan magani, kashi 95 na masu shan magani kuma ƙwayarsu ta danne. Ba za a cim ma ko hawan farko ba muddin waɗanda cutar ta fi yi wa yawa suna ɓoye.

Ku ma'aikatan gwamnati, fayil ɗin mutane a hannunku yake, kasafin kuɗi ta teburinku yake bi. Sirrin majinyaci amana ce, kuɗin lafiya kuma ba wurin yanka ba ne. Ku ɗalibai, ku ne za ku koma garuruwanku a ce ga mai ilmi ya dawo. Ku fara da gwada kanku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sa'an nan ku gyara harshenku, ku gyara na waɗanda ke sauraronku. Ku daina cewa kabari, domin ba kabari ba ce yanzu. Ku bambance mai ɗauke da karya-garkuwa da wanda ƙanjamau ta kwantar, ku gaya wa jama'a cewa na farkon ba dole ne ya zama na biyun ba.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare masu lafiya.